Ciwon Kan Baba

"Ki ce masa kaina ne," in ji Baba, yana dafe da mararsa da hannu biyu.

Amarya ta dubi likita, ta sunkuyar da kai. 'Ya'yanta biyu, amma har yau Amarya surukin nata yake kiranta. Ba ta taɓa zama kusa da shi haka ba sai a wannan ɗan ɗaki marar taga, inda aka kafe kujerun a ƙasa, ba dama ta ja tata baya.

Mijinta injinan masaƙa yake haɗawa. Kamfani ya tura shi wannan ƙasa, ya gama, a tura shi waccan, su kuwa suna biye da shi da akwatuna kamar jela. Da mahaifiyarsa ta rasu ya ce ba zai bar tsoho shi kaɗai ba, aka ƙara akwati ɗaya. Duk inda suka sauka ita ke fara kama yaren mutane, don ita ke zuwa kasuwa, ita ke cacar baki da mai gidan haya. Yanzu mijin yana can wani gari mai nisa, wayarsa ba ta shiga, asibitin kuma ba su da mai jin Hausa.

Wannan ne zuwansu na biyu. A na farko ta faɗi abin da aka ce ta faɗa, aka ba su maganin ciwon kai, suka koma. Ita kuwa ta san ba kai ba ne. Bangon gidan hayar kamar kwali yake. Tana jin Baba ya shiga bayi, ya buɗe famfo, ya daɗe, ya fito yana salati ƙasa-ƙasa. Tun jiya ya daina shan ruwa. To amma da wane bakin za ta ce ta ji? Shi ma gara a fitar da shi a makara da ya ambaci fitsari a gaban matar ɗansa.

Likitan ya jawo takardar magani. Tsoro ya kama ta: in suka fita da ƙwayar ciwon kai yau ma, tsohon nan zai mutu a hannunta.

Sai ta buɗe baki cikin yaren da Baba ba ya ji. Ta ce tun jiya fitsari ya ƙi fita, mararsa ta kumbura, ko ruku'u ba ya iya yi. Ashe a bakin wasu kalmomin ba su da nauyi. Haka suka riƙa fita kamar tana tayin albasa.

"Duk ciwon kan ne wannan dogon bayani?" Baba ya tambaya.

"Yarensu ne da tsawo, Baba."

Likitan ya ajiye alƙalami, ya danna ƙararrawa. Aka kwantar da Baba, aka ja labule, ita ta fita baranda ta jingina da bango. Can ta jiyo doguwar ajiyar zuciya, sannan "Alhamdulillahi" da ƙarfi, har sau biyu.

Da aka kira ta, yana kwance an rufe shi zuwa ƙirji, fuskarsa ta sake.

"Kin ga likitocin ƙasar nan?" ya ce, idonsa na kan rufin ɗakin. "Ka ce musu kai, su gano wani wuri."

Ta ce, "Allah ya ba su basira, Baba."

Har ta fara jin ta tsira, sai likitan ya ɗaga gefen mayafin, ya nuna mata robar fitsarin da aka sa masa da jakar da ke rataye a jikin gado. Ya ce da robar zai koma gida. Babu hawa jirgi sai an yi aiki. Kullum a zubar da na cikin jakar, a wanke wurin da sabulu, in aka ga jini a dawo da gudu. "Ki faɗa masa duka yanzu, a gabana," in ji shi. "Sai na ga ya gane zan sallame ku."

Amarya ta dubi ƙofa. Wata ma'aikaciya ce tsaye a bakinta, riƙe da sabuwar jaka. Wannan karon da Hausa za a faɗa, kuma duk faɗin asibitin mutum biyu ne ke jinta.

Baba ya daɗe yana kallon rufi. Sannan a hankali ya juya, ya ba ta baya, ya ja mayafin har kunne.

"'Yata," ya ce, "ki juya ki faɗa wa bangon can. Ni kuma zan saurari wannan."