Hoton Gide a Tashar Ƙanƙara

Shamsu na sunkuye yana laluben takalminsa a ƙofar masallaci bayan azahar, sai Alhaji Mas'ud mai shagon taki ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki.

"Ya haƙuri, Shamsu? Ashe Gide lokaci ya yi. Allah shi jiƙan shi."

Gide yayan Shamsu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban motar hatsi. Da safiyar nan ya tashi zuwa Sabuwa ɗauko masara ta hanyar Faskari, hanyar da a shekarun nan ba a hawanta sai an nemi gafarar iyali. Shamsu ya saki takalmin ya miƙe.

"Alhaji, wa ya hwaɗa maka?"

"A waya na gani. Gari duk ya ɗauka."

Alhaji ya zaro wayar daga aljihu ya miƙa masa. Gide ne jingine da ƙofar motarsa a tasha, yana kallon gefe, hayaƙin mai shayi ya ratsa ta bayansa. Can baya abokin aikinsa Almu na zaune a benci da kofi a hannu, yana dariya. Hoton baƙi da fari ne. Shamsu ya san kowane ɗigo da ke cikinsa, domin shi ya ɗauke shi da safe, shi ya gyara shi da hantsi.

Mahaifinsu, marigayi Malam Rabo, mai hoto ne tun zamanin fim, ya mutu ya bar wa Shamsu shago da akwatin tsofaffin hotunan gari. Fim ya ɓace, masu wanke shi ma sun ɓace, amma Shamsu ya sa wa ransa sai ya fito da irin wannan kamar a kwamfuta. Watanni ya yi yana fama. Ya cire launi, ya zurfafa inuwa, ya yayyafa ɗigo-ɗigo kamar tsakin gero, ya ɗan dusashe gefuna, duk da haka abin ya ƙi kama da na akwati. Masu zuwa shago ba ruwansu da wannan wahala, su dai a ƙara musu haske har uwar da ta haife su ta kasa gane su. Yau ne kaɗai hoton ya zauna yadda yake so. Don murna ya ɗora shi a sitatus, ya rubuta "Yaya Gide" a ƙasa, ya sa wayar a caji ya tafi masallaci.

Abin da murna ta mantar da shi kuwa, kowa a Ƙanƙara ya san shi. Tun da daji ya lalace, ba a cire wa hoton mai rai launi. In ka ga fuskar mutum baƙi da fari a waya, da sunansa a ƙasa, ba ka tambayar me ya faru, sai dai ka tambayi lokacin jana'iza. Ga shi har wani mai azarɓaɓi ya kwafi hoton ya ƙara masa Inna lillahi a sama.

"Alhaji, ni na yi hoton nan. Ado ne kawai. Lahiyar shi lau."

"To alhamdu lillahi. Kun yi magana ke nan?"

Shamsu ya karɓi wayar Alhaji ya danna lambar Gide. Ba ta shiga. Ya sake, ba ta shiga. A hanyar nan sabis yakan ɗauke, kowa ya sani. Wani dattijo da ke ɗaura agogo a gefe ya ce shi dai ya ji an ce an yi harbi wajen Faskari da hantsi, bai san ko gaskiya ba ne. Alhaji Mas'ud ya karɓi wayarsa a hankali, bai janye ta'aziyyarsa ba.

Shamsu bai koma shago ba. Tun daga bakin layi ya hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidansu, har da butoci, maƙwabta sun fara zama. Ya wuce su yana cewa kuskure ne, kuskure ne, suna binsa da ido irin kallon da ake yi wa wanda rasuwa ta taɓa wa kai. A tsakar gida Hamida, matar Gide, na zaune dirshan a ƙasa da tsohon ciki, mata biyu na riƙe da ita. Inna Zulaihatu, mahaifiyarsu, na kan kujera 'yar tsugunno da carbi, idonta a bushe. Wannan bushewar ta fi kukan Hamida tsorata shi.

Ya durƙusa a gabanta. "Inna, ba wanda ya aiko da labari. Hotona ne mutane suka gani. Ni na mai da shi haka, irin na Baba."

"Ubanka bai taɓa cire ma kowa launi ba," in ji ta. "Abin da ya samu ke nan a zamanin shi. Kai ka samu, ka cire. Ka ji muryar Gide?"

"A'a, Inna."

"To mi ka zo hwaɗa mani? Zamna."

Ya zauna. Ba wanda ya naɗe tabarma, ba kuma wanda ya ƙara cewa Allah shi jiƙan shi. Masu shigowa da salati sai a yi musu raɗa su haɗiye. Shamsu ya ari waya yana ta kira, yana jin tsoron da bai taɓa ji ba: in Gide bai dawo ba, har abada Inna za ta riƙa ganin shi ne ya yi wa ɗan'uwansa baki. Aka yi la'asar. Direbobi ba sa yarda yamma ta yi musu a wannan hanya, kowa a wurin ya san haka, shi ya sa hira ta mutu.

Rana ta yi sanyi sannan aka ji ƙugin mota a bakin layi. Babu buhu ko ɗaya a bayanta. Gide ya diro, rigarsa duk ƙaiƙayi da jar ƙasa, ya ga tabarmi da jama'a a ƙofar gidansu, sai ya dafa motar.

"Inna ce?" ya tambaya. "Ko Hamida?"

Wani ya fara dariya, ta maƙale masa. Aka ja Gide ciki. Inna ta shafa fuskarsa da tafin hannu biyu, sannan ne ta fashe da kuka.

Da aka natsa, Shamsu ya sa aka ɗauko wayarsa daga shago, ya tsuguna gefen yayansa ya nuna masa abin da ya jawo duk wannan. "Yahe mani, Yaya. Yanzu zan goge shi, har na kwamfuta."

Gide ya riƙe masa hannu. Ya daɗe yana kallon hoton, amma ba fuskarsa yake kallo ba.

"Matso da na bayan nan."

Shamsu ya ja hoton da yatsu biyu har Almu ya cika fuskar wayar, da kofinsa da dariyarsa.

"Motar shi ke gabana," in ji Gide a hankali. "Mun wuce Faskari kaɗan ɓarayin daji suka hito. Ni na samu na juya, ni da yaron mota muka kwanta cikin gonar dawa. Shi bai samu ba. An kai gawar shi gida Pauwa." Ya saki hannun Shamsu. "Almu ba ya son hoto, ban san ko iyalin shi na da wani ba. Yanko shi ka tura ma ƙanen shi, za su so abin da za su ɗora."

Shamsu ya yanko shi, ya tsaya yana kallo. "In gyara wani abu?"

"Mi za ka gyara?" in ji Gide. "Ai ka riga ka gama."