Faifai Huɗu a Ofishin Kati

Ejike ya jera faifan kwamfuta huɗu a kan teburin Afiniki, kowanne bai kai tafin hannu ba, ya tambaye ta yadda take so a haɗa su. Shekararta goma sha tara tana riƙe da ofishin kati na wani asibitin mishan a Kafanchan, amma ba ta taɓa leƙa cikin kwamfuta ba. Derrick, wanda wannan aikinsa ne, yana Zonkwa wurin jana'izar mahaifinsa. Shi kuwa Ejike, injiniyan da aka turo daga Kaduna, so yake ya kama hanyar Kachia kafin ƙarfe uku.

Ya yi mata bayani. Waɗannan SSD ne, su za su ɗauki bayanan duk majiyyata. In aka haɗe su wuri guda, ga fili ga sauri, amma ɗaya ya mutu komai ya tafi. Akwai tsarin da ake kira biyar, wanda ke jure mutuwar ɗaya. Akwai kuma goma, inda kowanne ke da abokin tagwaitaka, sai dai rabin filin ya tafi ke nan.

Afiniki ta sake ƙirga faifan. Huɗu ne. Ina biyar, ina goma?

Ta kira Derrick. Waƙar zumuntar matan coci ta cika wayar, muryarsa na tsinkewa. Ta ji ya ce biyar, ta kuma ji ya ce goma, amma ba ta kama wanda ya sa wa "kada" ba. Da ta sake kira, wayar a kashe.

Ta zauna. A daminar bara ne tsohon faifan ya mutu, ranar da aka kawo wata mai ciki daga Samaru Kataf tana zubar da jini, aka rasa inda za a ga rukunin jininta. Matar ta rayu, amma Afiniki ba ta manta kallon da likita ya yi mata ba.

Ta tambayi Ejike wanne ne zai ci gaba da aiki in ɗaya ya mutu da safiyar Litinin, layi har bakin ƙofa. Ya ce duka biyun, sai dai goma ya fi saurin farfaɗowa. Ya ƙara da cewa faifan da aka sa rana ɗaya sukan gaji kusan tare.

"To, in biyu suka mutu fa, Injiniya?"

"A biyar, komai ya tafi. A goma, ya danganta da waɗanne biyu, Madam."

Ta dube shi, ta ga ba wasa yake ba.

"Yi masu tagwayen," ta ce.

Ya fara danne-danne. Ita kuwa ta ɗauki makulli ta zaga sito, inda kwalayen tsofaffin katuna ke jibge da takardar "A ƙone" manne a jikinsu. Ta ɓanɓare takardar, ta ninke ta, ta sa a aljihu, ta kulle ƙofar.