Kunnen Saje Okiror

A barikin kowa "Dakta" yake ce wa Saje Okiror, har da kwamanda idan ciwon gwiwarsa ya motsa. Ofishin albashi ne kaɗai bai taɓa yin wannan kuskuren ba. A wurinsu shi mataimakin likita ne mai igiya uku, kuma kuɗin mai igiya uku suke turo masa ko da ya wuni yana ɗinke cikin soja. Likitan gaske yana can asibitin shiyya, tafiyar wuni guda a motar kayan abinci. Sai ya ga dama yake leƙowa, ya sa hannu a kan aikin da Okiror ya yi, ya karɓi alawus ɗin zaman daji ya koma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Okiror ya daɗe da daina jin haushin wannan, saboda ya sa ransa a wani abu daban.

Duk bayan 'yan shekaru rundunar takan zaɓi mataimakan likita biyu ko uku ta tura su jami'a a Kampala su zama cikakkun likitoci. Ita ke biyan kuɗin makaranta, albashi yana tafiya, mutum ya fito da tauraro a kafaɗa. Amma sai wanda ya yi aikin waje, bai wuce shekara talatin da biyar ba, kuma jikinsa garau ne daga ido har tafin ƙafa. Don wannan gurbin Okiror ya nemi a tura shi Somaliya, ba don son yaƙi ba. Bana sunansa ya fito cikin waɗanda za a duba lafiyarsu, kuma bana ce shekararsa ta ƙarshe kafin shekaru su rufe masa ƙofa.

Abin da ba a sani ba shi ne Somaliya ta riƙe kunnuwansa. Motar da ke gabansu ce ta taka nakiya. Shi bai zubar da ko ɗigon jini ba, har ya taimaka aka kwashe mutane, sai dai tun ranar kunnen dama ya mutu murus, na hagu kuma ya koma wani ƙugi kamar injin niƙa a ƙarshen unguwa. Muryar mutum yana kamawa idan yana kallon bakinsa. Amma ƙananan sautukan da ke cikin ƙirji, waɗanda su ne rabin aikinsa, sun tafi.

Dokar soja ta tanadi diyya ga wanda ya nakasa a bakin aiki. Ka je ka faɗa, a auna ka, a ba ka abin da aka ba ka, a sallame ka ka koma ƙauye ka sayi babur ɗin haya. Ko ka yi shiru ka zama likita. Ba a haɗa biyun. Okiror ya yi shiru, yana gaya wa kansa cewa a Kampala akwai na'urori masu nuna komai a allo, kuma da albashin likita zai sayi abin ƙara ji mai kyau, babu wanda zai sani.

Ya koyi dabaru, kuma gaskiya ya iya su. Ya juya teburinsa yadda hasken taga zai faɗa a bakin marar lafiya. Ya sayi ma'aunin hawan jini mai batir da kuɗinsa. Yaro mai tari, sai ya ɗaga masa riga ya ƙirga numfashinsa da ido, ya ɗora tafin hannu a haƙarƙari, sannan ya maƙala abin sauraron ƙirji a kunne ya yi ta gyaɗa kai don uwar ta ga an yi aiki. Idan yana shakka sai ya ba da magani mai ƙarfi. Matan bariki suka ce tun da ya ci dalar Somaliya ya daina amsa gaisuwa. Dalar da rabinta ma bai iso ba, rabin da ya iso kuma ya tafi a kwanon rufin gidan uwarsa a Soroti. Ya bar su da zancensu, don gara a ce masa mai girman kai da a ce masa kurma.

Mutum ɗaya yake tsoro, Sista Nambuya, ungozomar asibitin bariki, wadda ta yi shekara ashirin tana karɓar haihuwar matan soja kuma take zama kujera ɗaya da matar kwamanda a coci. Sau biyu tana miƙa masa ƙahon katakon da ake sauraron ciki da shi, ta ce ya ji mata wannan, sannan ta tsaya tana kallon fuskarsa maimakon cikin. Tun daga nan yake kauce wa ɗakin haihuwa.

Matarsa Amoding ta san rabin zancen. Ta san na dama ya tafi, shi ya sa take tafiya ta hagunsa, take kuma ɗan taɓa masa gwiwa idan wani babba ya yi magana bai ji ba. Na hagu kuwa ya ce mata ras yake. Ba mace ce mai bincike ba a kan abin da ya shafi aikinsa. Ta yarda da hannunsa fiye da yadda ta yarda da addu'ar fasto, tun da shi ya karɓi haihuwar 'yarsu Asio. Yanzu tana ɗauke da na biyu, wata tara ya kama, kuma ta riga ta fara tambayar mutane kuɗin hayar ɗaki a Kampala.

Safiyar Talata motar kayan abinci za ta koma shiyya, washegari kwamitin duba lafiya zai zauna, kuma zama ɗaya yake yi. Okiror yana ɗaure igiyar takalmi Amoding ta fito daga kicin ta zauna a bakin gado, ba ta kawo shayin ba.

"Baban Asio, ɗan nan naka ya yi shiru tun jiya da rana."

Ya ce ai haka suke yi idan wuri ya matse musu, ga shi kuma ta wuni tana ciran ciyawa a gonar rogo cikin rana. Ya haɗa mata shayi da sukari mai yawa, ya sa ta kwanta ta gefen hagu, ya ɗora hannu ya jira. Wani abu ya ɗan gota ƙarƙashin tafinsa. Yana iya zama ƙafa, yana iya zama hanjinta. A waje direba ya fara danna ham.

"Ɗauko ƙahon nan naka ka ji min shi, hankalina ya kwanta," in ji ta.

Akwai tsohon ƙaho a akwatinsa tun na cikin Asio. Ya ɗauko, ya laluba bayan yaron, ya kafa, ya ɗora kunnen hagu. Ƙugin nan ne kawai. Ya matsa gefe, ya ƙara dannawa, ya riƙe numfashi. Shiru. To amma shirun nan shi yake ji a kowane ƙirji da kowane ciki tun dawowarsa, har a ƙirjin ƙartin da ke cinye kwano biyu na tuwon masara da wake. Ba shi da hanyar gane shirun kunnensa daga shirun ɗansa.

Ɗakin Sista Nambuya bai fi jifa ba daga ƙofarsu. Ya san abin da ya kamata, ai shi yake koya wa matan bariki: ciki ya yi shiru, a zo a ji, ba a jira. Amma ya hango kansa yana shiga da matarsa, ana gobe za a auna kunnensa, yana cewa Sista ji min wannan. Ya hango kallon da za ta yi masa, da yadda zancen zai riga motar isa shiyya. Tsoro ya kama shi, tsoro mai muni, kuma ba na yaron ba ne kaɗai. Wannan ne abin da zai daɗe yana ci masa rai.

Ya ɗago ya ce, "Yana nan. Barci yake, malalaci ne irin dangin uwarsa."

Ta yi dariya ta kai masa duka a kafaɗa. Ya ce duk da haka idan rana ta yi tsaka bai motsa ba ta leƙa wurin Sista. Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa mutum don ya tafi. Ya ga yadda fuskarta ta saki, ya kuma san ba za ta je ba, gama likitanta ya riga ya ji. Ya ɗauki jakarsa ya hau bayan mota kan buhunan da babu komai a ciki.

A shiyya abokinsa Saje Mugoya ne ke gwajin ji. Tare suka yi makaranta, tare suke cikin motar ranar nakiyar, kuma shi kaɗai ya san gaskiya duka. Gwajin ba wani abu ba ne: a tsayar da kai kana fuskantar bango, a toshe kunne ɗaya, mai gwaji ya koma baya ya raɗa lambobi, kai kuma ka maimaita, wani manjo yana zaune yana kallo.

"Ka ga likitan gobe," in ji Mugoya da suka haɗu a baranda. "Idan ka samu tauraro kada ka ce ba ka ji gaisuwata ba, don ni na san dalili." Sai ya rage murya ya juyo da fuskarsa sosai. "Bangon gabas za ka fuskanta, inda kabad ɗin magani yake. Na goge gilashin da kaina."

Haka aka yi. Okiror ya tsaya yana kallon bakin abokinsa a gilashi, ya maimaita lambobin ɗaya bayan ɗaya, dama da hagu, bai kuskure ko guda ba. Manjon ya ce rabonsa da ganin wanda ya dawo daga Somaliya da kunne irin wannan an daɗe. Ya miƙa masa hannu ya ce ya shirya kayansa, karatu zai fara bayan damina. Okiror ya ƙame ya ce, "Na gode, Afande," yadda sojojinsu ke kiran na gaba da su. Mugoya ya ja shi shan giyar gero, Okiror ya zauna cikin mashayan da suka kewaye tukunya ɗaya, yana riƙe da dogon bututun zuƙa bai zuƙa ba. Ya kira wayar Amoding ya fi a ƙirga, amma a barikinsu sai an hau tudun tankin ruwa ake samun layi, kuma mai cikin wata tara ba ta hawa tudu.

Ranar Alhamis da motar ta shiga bariki ya ga mata a ƙofar gidansa, an fito da kujerun coci. Babu wanda ya gaya masa komai, bai kuma buƙata ba.

Sista Nambuya ta tare shi kafin ya shiga. Ta ce sai yammacin Laraba Amoding ta zo, da naƙuda ta fara. Namiji ne, cikakke, igiyar cibiya ta naɗe masa wuya. An binne shi da safe a bayan gonar rogo saboda jikin ba zai jira ba. Tana maganar tana tsaye daidai gabansa, tana buɗe baki sosai, a hankali, yadda ba a yi wa mai ji magana.

Ya tambaye ta yaushe yaron ya mutu. Ya tambaya ne a matsayin ma'aikaci, don ita ta ga fatar yaron, fata kuwa kan nuna daɗewar jariri a mace a ciki.

"Ba zan iya yankewa ba, Dakta. Yana iya zama tun kafin safiyar Talata, da babu abin da kowa zai yi. Yana iya zama bayan nan, da ko a motar da ka hau mun kai ta an fito da shi." Ta gyara ɗankwalinta. "Matarka ta ce ka saurara ka ji shi. To kai ka fi ni sani."

Ba ta ƙara ba, kuma daga yadda ta juya ya gane ba za ta kai zancen ko'ina ba. Gurbin karatunsa yana nan, babu mai taɓa shi. Labarin ma ya riga shi isowa, don sojojin da suka zo gaisuwa suna riƙe hannunsa su ce Allah ya ba da haƙuri, sannan su matso su ce sun ji an dace, barka. Kwamanda ya aiko da buhun sukari da saƙon cewa bariki yana alfahari da shi.

Da duhu ya shiga mata suka watse, maƙwabciya ta tafi da Asio. Amoding tana kwance, an ɗaure mata ƙirji da zane saboda nono ya kawo. Ya zauna a ƙasa kusa da gadon. Ya yi tsammanin tambaya, har ya so ta. Da ta tambaye shi ko ya ji da gaske, da wataƙila ya faɗa.

Ba ta tambaya ba. Ta ce wasu sun fara cewa sakacinsa ne, ta kuwa wanke su tas, ta ce musu ranar Talata ɗanta da ransa, ubansa ya ji shi da kunnensa. Laifinta ne ita da ba ta je wurin Sista da rana ba kamar yadda ya ce. Ya buɗe baki, ta girgiza kai ta ce ya bari, ta riga ta gama wannan da Ubangijinta. Abu ɗaya ne yake sanyaya mata rai, cewa yaron bai zo ya tafi babu wanda ya ji shi ba.

"Ni ban taɓa jin sa ba, Baban Asio. Shurinsa kawai na sani, kuma ko kuka bai yi min ba." Ta miƙo masa tafin hannunta a buɗe. "Yaya zuciyarsa take bugawa ranar? Nuna min."

Okiror ya dubi hannun. Ya ɗora yatsu biyu a tsakiyarsa ya fara bugawa, sauri-sauri, yadda littafi ya ce, yadda na Asio ya yi shekarun baya.

"Haka da sauri?"

"Haka suke."

Ta rufe ido, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta. Ya ɗan sassauta, ta damƙe masa yatsu ta ce kada ya tsaya tukuna. Ya ci gaba da bugawa.