Koren Fenti a Gindin Samira

Ranar wata Talata Malam Safiyanu ya yi sadaka da kayan da ba nasa ba.

Matarsa Ummul-Khair ba ta daɗe da rasuwa ba. Ba su haihu ba, don haka rabon gado bai ja lokaci ba. Danginta suka ɗauki abin da ya faɗo musu na sutura da 'yan kunne, suka ce kayan ɗaki da na girki a yi mata sadaka da su. Yayarta, Ya Kaka, ita kaɗai ta kafa sharaɗi, tana gyara mayafi za ta tafi Fika wankan jegon 'yarta. Mala take kiransa, ba Malam ba.

"Mala, ɗakin nan na baya kada ka taɓa shi sai na dawo. Akwai abin da zan ware."

Wannan magana ce ta ɓata komai. Malam Safiyanu ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da tarihi a Mamudo, ya karanta littattafan da ko sunansu ba a taɓa ji a unguwarsu ta Dogo Nini ba, sai ga matar da ba ta iya karanta allon kanti ba tana kafa masa doka a gidansa. Ga ɗakin kuma yana ci masa rai. Duk sanda ya wuce ta ƙofar sai ƙamshin turaren wutar marigayiya ya tare shi. Kwalla da samira da langa da kuloli jere har kusa da rufi, kayan da ya sha yi mata ba'a a kansu tun tana raye.

"Gidan tarihin kwano," haka yake kiran ɗakin. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce, "Kai ma ai ba ka cinye littattafanka ba, Malam."

Da Ya Kaka ta kwana biyu ba ta dawo ba, sai ya kira Mu'az, tsohon ɗalibinsa da ke shugabantar wata ƙungiya mai suna Rufin Asiri. Suna tara kayan gida a wajen masu hali, su raba wa iyalan da rikici ya koro daga Borno da sauran marasa ƙarfi na unguwa. Mu'az ya zo da motar a-kori-kura.

"Malam, duka?"

"Duka. Ka bar min butar shayi da cokali. Ban san amfanin sauran ba tun tana nan, ba yanzu zan koya ba."

A kusurwar ɗakin akwai wasu kaya daban, ɗaure cikin tsohon zane, ga sabuwar katifa a ledarta jingine da bango. Mu'az ya tsaya a kansu.

"Waɗannan kamar ba a taɓa amfani da su ba."

"Mata ke nan. Su sayi abu don su kalle shi. Ɗauka."

Akwai wata mata mai suna Gumsu da ke yi wa Ummul-Khair wankau da surfe. Daga wani ƙauye na Borno ta gudo da 'yarta Zara, mijinta bai fito ba. Suna zaune a wani kango mara ƙyaure a bayan layin. Bayan rasuwar ta zo ƙofar gidan fiye da sau ɗaya, ta yi sallama daga waje, don mace ba ta faɗa gidan gwauro kai tsaye. Malam Safiyanu yana zaure, bai ko sauke littafin daga fuskarsa ba.

"Ya Kaka ta dawo, Malam?"

"Ba ta dawo ba. Mai ba ku kuma ta rasu. Sai haƙuri."

Ta ce Allah ya jiƙanta, ta tafi.

Ranar rabon kaya aka kafa rumfa a filin unguwa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifikar da ta fi taron ƙarfi. Aka zaunar da Malam Safiyanu a gaba. Ya ce shi ba ya son irin wannan bidi'a, amma ya sa babbar rigarsa. Mu'az ya yi jawabi, ya kira shi uba, ya kira shi abin koyi, ya roƙe shi ya miƙa kayan farko da hannunsa don a ɗauki hoto.

Mata suka yi layi cikin rana. Ta uku ko ta huɗu Gumsu ce. Aka miƙo masa wata samira mai fulawa ja da murfinta, ya miƙa mata. Ba ta matsa ba. Ta kifa samirar, ta duba gindinta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗaga kai ta bi sauran kayan da kallo, waɗanda ake ta zarewa daga cikin tsohon zanen nan ana miƙa wa na bayanta.

"Ba ta huje ba, baiwar Allah," in ji Malam Safiyanu, kuma bakinsa na kusa da lasifika. "Ko sai an ba ki garanti?"

Fili ya ɗauki dariya. Shi ma ya ji daɗin maganar, don ya kwana biyu bai sa kowa dariya ba. Gumsu ta durƙusa har ƙasa.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Allah ya kai ladan kabarin Hajiya."

Ta rungume samirar ta fita daga layi. Katifar kuwa wani dattijo mai ciwon baya aka ba, aka ɗora masa a keke.

Ya Kaka ta dawo bayan sati. Ta shiga gidan da sallama, ta wuce ɗakin baya, sai ya ji shiru. Ta fito ta tsaya a kansa, ko takalmi ba ta cire ba.

"Mala, ina ajiyar mutane?"

"Wace ajiya?"

"Kayan da ke cikin zane. Da katifa."

"Suna inda aka ce a kai su. Ku kuka ce a yi sadaka."

"Da kayan Ummul-Khair muka ce! Wa ya ce da kayan Gumsu?"

Ya sauke littafin.

"Kayan auren Zara ne," in ji Ya Kaka. "Tun yarinyar ba ta iya ɗaura zane ba uwarta take tarawa. Ta yi wankau ta sayi langa, ta yi surfe ta sayi faranti, ta kawo nan ta ajiye, don ɗakinta ba ƙofa. Bikin bayan Sallah ne. Kai kana gidan nan ba ka taɓa ganin tana shigowa da abu a ƙarƙashin mayafi ba?"

"Yaya za a yi in sani? Kwano ai kwano ne."

"Ka kifa shi mana! Kowace mace a unguwar nan tana da shaidarta. Ta Ummul-Khair jan farce ne, ɗigo ɗaya. Ta Gumsu koren fenti. Jaririn da na baro a Fika ma ya kusa sanin wannan."

Sai ya ga filin nan a idonsa, ya ga matar ta kifa samira tana dubawa. Ya ji muryarsa a lasifika, ya ji dariyar.

"To me ya hana ta magana?"

"A gaban taro? Ta ce Malam mai babbar riga ɓarawo ne? Ta zo ƙofarka, me ka ce mata?"

Ya Kaka ta dubi littattafan da suka cika zauren, ta dube shi.

"Duk wannan karatu, Mala. Ƙanwata ta ce min in kana karatu ko gobara ba ka ji. Na ɗauka wasa take."

Washegari ya je wajen Mu'az. Ya yi ta kewaye, ya yi maganar zafi da tsadar mai, kafin ya ce akwai wasu 'yan kaya da suka shiga rabon bisa kuskure. Bai faɗi kuskuren wa ba. Mu'az ya sosa ƙeya.

"Malam, sun watsu. Amma na san gidajen. In kana so mu bi."

"Ni kaɗai zan je."

Gidan farko, wata mata ce da 'ya'ya ƙanana a ɗakin langa-langa kusa da hanyar kasuwar shanu. Tana jin sunansa ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, ta kawo ruwa a wani sabon kofin silba. Ya sha, ya faki idonta ya karkata kofin. Ga koren fenti nan a gindi, an shafa shi da tsinke a hankali.

"Wallahi Baba, tun da muka zo garin nan a gwangwani muke shan ruwa," in ji matar. "Yara har faɗa suke a kan wannan. Kullum sai na yi wa Hajiya addu'a."

Ya buɗe baki. Mutumin da ya saba tsayawa gaban aji ya yi bayanin faɗuwar dauloli ba tare da ya duba takarda ba, ya rasa yadda ake cewa a ba ni kofi. Ya ce dama zagayawa yake ya ga ko kayan sun yi amfani. Ta ce sun yi. Ya yi mata sallama, bai nemi gida na biyu ba.

Ya wuce kasuwa. Bai taɓa sayen ko ludayi ba a rayuwarsa, mai kanti ya gane haka tun daga yadda ya riƙe kula kamar zai duba bugun wace shekara ce. Ya sayi abin da aka nuna masa, aka ɗora da katifa a Keke Napep. Irin samirar nan mai fulawa ja an daina kawo ta, sai wata mai ruwan toka.

A hanya ya shirya maganarsa. Gajeriya ce, ya maimaita ta har ta zauna.

Gumsu tana bakin kangon tana shanya wanki. Buhun da aka rataya a madadin ƙyaure yana kaɗawa. Zara ta leƙo ta koma. Maƙwabta mata suka fara fitowa ɗaya-ɗaya, don keke ɗauke da katifa ba ya shiga layin nan a ɓoye. Gumsu ta goge hannu a zane, ta durƙusa ta gaishe shi da Hausarta mai karin harshen Barebari.

"Malam da kansa? Lafiya?"

"Lafiya lau."

Ya dubi matan da suka tsaya. Akwai waɗanda ya gane daga ranar rabo, waɗanda suka yi dariya. Maganar da ya shirya tana nan a bakinsa, ba abin da ya ɓace daga cikinta. Ya nuna kayan da sandarsa.

"Na ji za ki aurar da yarinya. Wannan ma... cikin sadakar marigayiya ne."

Gumsu ta dube shi. Ba ta kifa komai ba a wannan karon, ta san babu abin da za ta gani. Kallon bai daɗe ba, amma ya ishe shi ya gane ta san ya sani.

"Allah ya saka da alheri, Malam," ta ce, daidai yadda ta faɗa a fili. "Allah ya kai ladan kabarin Hajiya."

Matan suka ce amin, wata har da guɗa. Wata ta ce irin su Malam sun yi ƙaranci a duniya. Ya hau keken ya ce wa direba ya ja, kamar wanda aka biyo.

Ya yi niyyar komawa. Ya ce sai ranar da ba mutane, sai bayan azumi, sai hidimar biki ta lafa. Yakan fito da hula a kai, ya kai bakin layin, ya tuna yana da abin yi a wani wuri. A masallaci kuma liman ya kawo shi misali cikin huɗuba, ya zauna yana kallon tabarma har aka tayar da salla.

Kwana biyu bayan bikin, da hantsi, Ya Kaka ta shigo da abu ɗaure a ƙyalle, ta dire a gabansa.

"Gumsu ta ce a kawo maka. Dambun biki ne. Ta ce Hajiya ce ta koya mata irin yadda kake so, ba yaji da yawa."

Ya kwance ƙyallen. Samira ce mai fulawa ja.

"In na ci zan kai mata kwanon da kaina," ya ce. "Dama akwai maganar da—"

"Ka kai wa wa? Sun tafi tun da safe. Mijin Zara ɗan garinsu ne, an ce hanya ta yi sauƙi, sun koma gaba ɗaya. Ta ce kada ka wahalar da kanka da mayar da kwano." Ya Kaka ta gyara mayafi. "Ta ce ka riƙe, ka ga ba ka da na cin abinci."

Ta fita. Ya zauna da samirar a gabansa har dambun ya huce. Daga baya ya juye shi a murfi, ya wanke ta da kansa a bakin rijiya, ya kifa ta a rana. Koren fentin ya ɗan kankare a gefe ɗaya.

Samirar tana nan a zaure yanzu, a kan kantar bango, tsakanin littattafai. Baƙo in ya tambaya, sai Malam Safiyanu ya ce ajiya ce. Duk wanda ya ji daga Borno ya zo sai ya tambaye shi ko ya san ƙauyen su Gumsu, ba a dace da wanda ya san wajen ba tukuna. Maganar kuwa har yau bai manta ko kalma ɗaya ba, yadda ya shirya ta a cikin keke:

"Gumsu, kayanki ne na rabar. Ba sadaka na kawo ba. Ki yafe min."