Sarƙar da Anton Ya Ɗaura wa Tayoyin Baya

"Ba inda zan je," in ji Dulcie Harnett, ta sake buga tafin hannunta a kan teburin dillalin motoci. "Ka kira 'yan sandan. Su ma ina da magana da su."

Dillalin, wani Brendan mai sheƙin gashi, ya dubi ƙofa ko wani mai sayen mota zai shigo ya cece shi. Babu kowa.

"Mama, ki zauna mana. In haɗa miki shayi?"

"Uwarka tana gida. Ni tambaya na kawo. Da tsohon nan ya zo, me ya ce maka?"

"Mutum nawa nake gani a rana, Mama?"

"To bari in tuna maka, don ina tsaye a wurin. Cewa ya yi, motar nan tana ja da ƙafa huɗu? Ka daki bayanta ka ce, dube ta mana Baba, wannan ai don dutse aka haife ta."

"To ai ban ce e ba."

Dulcie ta tsaya tana kallonsa har ya sunkuyar da kai yana gyara biro.

Anton Zupan maƙwabcinta ne a Adaminaby, katangar waya ce kawai tsakaninsu. Tun yana saurayi ya zo daga ƙasar waje aikin haƙa ramukan madatsar ruwa, bai koma ƙasarsu ba. Matarsa Irena tana gidan kula da tsofaffi a Tumut, can ɗaya gefen dutsen, kuma kowace Lahadi sai ya haye ta Kiandra ya kai mata miyar kabeji, ko da ba ta gane shi ba. Da tsohuwar akori-kurarsa ta mutu gab da hunturu, sai suka bi bas shi da Dulcie zuwa Queanbeyan neman ta hannu mai sauƙin kuɗi. Ya ga wata doguwa fara, ya yi tambayarsa guda ɗaya, ya saya.

Lahadin da dusar ƙanƙara ta sauka sosai, ya tsaya a gefen hanya ya durƙusa ya ɗaura sarƙar hana santsi a tayoyin baya, yadda ya saba yi duk rayuwarsa. A wata kwana motar ta ƙi jin sitiyari, ta zame cikin kwari. Bai karye ko'ina ba. Amma kafin motar share hanya ta gan shi, sanyi ya riga ya shige masa huhu.

Ɗan sanda ya ce kuskuren direba ne. 'Yarsa ta bugo daga Sydney ta ce dama ta sha faɗa, Baba ya tsufa da tuƙi. Abin da ya fi cin ran Dulcie shi ne Anton ya yarda. A gadon asibitin Cooma ya juya fuska bango ya ce, "Hannuna ne ya ƙare, Dulcie. Dutsen da na fasa da hannuna, yau shi ya kayar da ni." Daga nan ya daina taɓa abinci.

Mai janwen da ya ciro motar ne ya kira Dulcie gareji. Ta kwanta a kan kwali da ciwon gwiwarta, ya haska mata. Babu ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa baya. Fanko. Tayoyin gaba kaɗai ke ja, na baya rakiya suke yi.

"Ba kuɗi na zo nema ba," ta ce wa Brendan yanzu. "Ka shiga mota mu je Cooma. Ka tsaya a kansa ka ce, Baba, ba kai ba ne, ni ne. Shi ke nan. Likita ya ce ba zai kai ƙarshen mako ba."

"Allah ya ba shi lafiya. Amma in na faɗi haka, gobe lauya ne a ƙofata. Ya kamata ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya biya."

"Tsohon da da ƙyar yake ɗaura takalminsa? Kai dai an yi asarar nono."

Ita kaɗai ta hau bas ta koma.

La'asar ta yi lokacin da ta shiga ɗakin asibitin. Anton ya buɗe ido da ƙyar.

"Ina kika shiga, masifaffiya?"

"Wurin ɓarawonka."

"Ya amsa?"

Ta so ta ce e. Bakinta bai iya ba.

"Bai amsa ba, matsoraci ne. Amma ni na kwanta a ƙarƙashinta na gani da idona. Da gaba take ja, tsoho. Gaba kaɗai."

Numfashinsa na ƙara kamar ana jan zarto.

"Ashe a tayoyin banza na ɗaura."

"Ka ɗaura daidai a motar da ka ce a ba ka. Wata suka ba ka."

"Wata suka ba ni," ya maimaita a hankali. Sai ya ɗan yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ni fa na ji ta. Na ce wannan gindin nata bai da nauyi."

"To ka gani."

"Akwai sauran shayin can?"

Ya sha rabin kofi, tana riƙe masa. Washegari da hantsi ya cika, kafin 'yarsa ta iso.

Dulcie ta koma Adaminaby ta tarar dusar ƙanƙara ta sake zuba. Ta tsallaka wayar, ta bi bayan gidansa tana nutsewa har ƙauri, ta buɗe akurkin kajinsa. Suka taru a bakin ƙofa suna leƙen farin filin, babu wadda ta fito. Ta tsaya riƙe da ƙyauren tana jiransu.