Keken Aro

Keken guragun na aro ne, tayarsa ɗaya tana kuka. Da wannan kukan Auta ta turo mahaifinta cikin babbar kotun tarayya, kanta a sunkuye, 'yan jarida suna ta haska su.

Tsohon sanatan ya langaɓar da wuya, ya lumshe ido, bargo a kan gwiwoyinsa. Ita ta koya masa wannan zaman, domin ma'aikaciyar jinya ce, ta san yadda hannun mai shanyewar jiki yake kwanciya. Keken ma a wurin wani majinyacinta ta roƙo. Lauya ne ya kawo dabarar. Ana tuhumar tsohon da wawure kuɗin gina asibitoci, in alƙali bai ga ciwo ba, babu beli.

"Baba, ba zan iya ba," ta ce masa tun farko.

"Ni na haife ki ko alƙali?"

Ta kuwa iya. Ta tsaya ta rantse cewa mahaifinta ba ya iya miƙewa, hannunsa na dama ma ya shanye. Muryarta ko rawa ba ta yi ba, abin da ya fi ba ta kunya ke nan.

Alƙali yana cikin nazari sai ihu ya ɓarke a harabar kotu. Magoya bayan tsohon ne da aka kwaso a motoci, sun makara, sai yanzu suka iso. Kirarinsa suke yi, wanda rabonsa da ji tun faɗuwarsa zaɓe.

Auta ta ga yatsunsa sun motsa, ta danne masa kafaɗa. Ina! Mutumin da ya tsufa a kan dandamali? Zumbur ya miƙe, bargo ya zame, ya juya wajen taga ya ɗaga hannun dama, hannun da ta rantse ya shanye.

Alƙali ya zare tabarau. Bai dubi wanda ake tuhuma ba, ita ya duba.

"Malama, a wane asibiti kika ce kina aiki?"

Da ƙyar ta faɗa. Ya rubuta.

An hana beli. Da ƙafarsa tsohon ya bi gandirobobi, a bakin ƙofa ya waiwayo, fuska a sake.

"Auta, leƙa min. Sun cika harabar kuwa?"

"Sun cika, Baba."

Sai da kowa ya watse sannan ta turo keken waje. Mai shi yana can kwance tun safe, yana jira a dawo masa da shi.