Ranar da Ƙafafun Sahabi Suka Ƙi Ɗaukarsa

Sahabi tela ne a Nahuce, saurayi dogo marar jiki, wanda ya daɗe bai san wani motsi ba sai na taka keken ɗinki. Da labari ya zo cewa za a ɗauki sababbin ma'aikatan kaki a Gusau, kuma sai an gwada gudun mutum kafin a dubi takardunsa, sai ya ga lokaci ya ƙure masa. Ya ƙudura cewa abin da wasu suka yi wata da watanni suna yi, shi zai haɗa shi a 'yan kwanaki.

Bazara ce, rana kamar ta sauko ƙasa. Ya kama hanyar Bungudu da gudu, ya je ya dawo, bai tsaya ba. Daga nan ya zarce fili ya shiga tsallen kwaɗo, yana yi yana cije baki, har sai da cinyoyinsa suka fara rawa da kansu ya kife. Ko ruwa bai kurɓa ba, domin wani ya ce masa ruwa nauyi yake sa wa mai gudu.

Washegari ya tashi jiki ya yi tsami. Wannan bai dame shi ba, kowa ya san tsamin jiki. Ya aika aka sayo masa maganin ciwon jiki a kyamis, ya haɗiya, ya sake ɗingisawa fili ya ƙara wani tsallen.

Safiyar da ta biyo baya ce ta zo da abin da bai taɓa gani ba. Ya yunƙura zai tashi daga katifa, ƙafafun suka ƙi. Cinyoyin sun kumbura, sun yi tauri kamar icce, ko zanen rufa ya taɓa su sai ya ji har cikin kansa. Da bin bango ya kai bayi. Can ya ga fitsarinsa ya fito ɗan kaɗan, baƙi-baƙi, kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Butar ta suɓuce daga hannunsa. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Jini ne? Wani abu ne ya fashe a cikinsa? Ya dafa bango ya fito.

Mahaifiyarsa, Inna Uwani, tana tankaɗe a tsakar gida ta ga ya fito yana jan ƙafa, fuska ta yi fari.

"Sahabi, mi ya same ka?"

"Ba komi, Inna. Gajiya ce."

"Wagga ba gajiya ba ce. Dube ni."

Bai iya dubanta ba. Ya sulale ya zauna a ƙasa, amai ya taso masa. Sai a lokacin ya faɗa mata abin da ya gani, cikin kunya, kansa a sunkuye. Inna ta saki rariya, ta yi salati, ta ƙwala wa yayansa Mamman kira.

Mamman bai tsaya dogon tambaya ba. Ya fito da babur, aka cicciɓi Sahabi aka ɗora, wani maƙwabci ya zauna a baya ya riƙe shi. Kowane rami suka faɗa, sai Sahabi ya ji kamar ana yaga masa tsoka. Yana ganin gonaki suna wucewa, busassu, ana ta sharar su don jiran ruwa, ya riƙa tambayar kansa ko zai ga shukar bana. A asibitin Bungudu ma'aikacin da ya duba shi ya ga fitsarin a kwalba, nan take ya ce su wuce Gusau yanzu, kada su biya ko'ina. Wannan maganar ta fi komai tsorata Sahabi.

A Gusau aka ɗebi jininsa, aka sa masa ƙarin ruwa tun kafin sakamako ya fito. Likitar, wata mace mai sanyin magana da ake kira Dakta Ummulkhairi, ta ja kujera ta zauna kusa da gadonsa.

"Malam Sahabi, ba jini ba ne ka gani," in ji ta. "Ka wahalar da tsokar cinyarka fiye da ƙarfinta, ga zafi, ga rashin ruwa. Sai ta fara lalacewa, abin da ke cikinta ya zubo cikin jini. Ƙoda ce take tace shi, kuma ya yi mata yawa. Maganin da ka sha ma ya ƙara mata aiki."

"Likita, ƙodar ta mutu ke nan?"

"Ba ta mutu ba, ta jigata. Za mu yi ta ba ka ruwa mu ga yadda za ta amsa. In ba ta amsa ba, sai mun yi maganar wankin ƙoda. Ba zan ɓoye maka ba."

Wankin ƙoda. Sahabi ya rufe ido, hawaye suka gangaro ta gefen kunnensa. Mamman ya dafa kafaɗarsa.

Daga nan rayuwarsa ta koma kallon abu biyu: ledar ruwan da ke ɗiga cikin hannunsa, da robar da ake tara fitsarinsa. Leda ta ƙare a sa wata. Duk sanda ma'aikaciyar jinya ta ɗaga robar ta duba, sai numfashinsa ya tsaya har ta ajiye. Yinin farko launin bai sauya ba. Inna Uwani, wadda ta biyo su a mota, ta zauna a kan tabarma gefen gado tana jan carbi, ba ta ci komai ba.

Sannu a hankali baƙin ya fara washewa. Ya koma ja-ja, ya koma ruwan ɗorawa, yawansa ya ƙaru. Ranar da Dakta Ummulkhairi ta dubi sabon gwajin jini ta ce ƙodar ta farfaɗo, Sahabi ya ja zane ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa na girgiza.

An yi gwajin ɗaukar ma'aikatan yana kwance. Da aka sallame shi, likitar ta ce ya huta sosai, ya yawaita shan ruwa, kuma in zai koma motsa jiki ya fara da tafiya, da sanyin safiya, ya ƙara kaɗan-kaɗan, yana barin jiki ya huta a tsakani.

Ya yi makonni yana jin cinyoyin kamar na aro. Tsoron ma bai sake shi da wuri ba, ko ɗan ciwon baya ya ji sai gabansa ya faɗi. Da ruwan farko ya sauka, ya bi Mamman gona da ƙafa, riƙe da gorar ruwa. A rabin hanya ya ce su tsaya. Suka zauna a gindin wata tsamiya har numfashinsa ya daidaita, sannan suka tashi suka ƙarasa.